Ɓeraye Sun Warke, Tsofaffi Suna Jira: Tarihin Neman Maganin Cutar Mantuwa

A watan Nuwamban 1901 aka kwantar da wata mata mai shekara 51, Auguste Deter, a asibitin masu taɓin hankali na birnin Frankfurt a Jamus. Tana manta abin da ta yi yanzu-yanzu, tana zargin mijinta ba dalili, in ta fara rubuta sunanta sai ta tsaya a tsakiya. Likitan da ya duba ta, Alois Alzheimer, ya ci gaba da bin labarinta har bayan ya koma Munich, kuma da ta rasu a watan Afrilun 1906 sai ya sa aka aiko masa da ƙwaƙwalwarta. Abu biyu ya gani a ƙarƙashin madubin ƙara girma: wasu dunƙule-dunƙule da suka daskare a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da wasu zaruruwa da suka cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin kansu. Ya gabatar da binciken a taron likitoci a Tübingen cikin Nuwamban wannan shekarar, ba wanda ya kula sosai. A 1910 maigidansa a wurin aiki, Emil Kraepelin, ya sa wa cutar sunan Alzheimer a littafinsa na koyar da likitoci.

Daga nan sai batun ya kwanta kusan shekara saba'in. Likitoci sun ɗauka wata cuta ce da ba kasafai ake ganinta ba, mai kama masu matsakaitan shekaru, gigin tsufa kuwa abu ne dabam da ba a neman masa magani. Sai a 1976 Robert Katzman, wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, ya yi rubutun da ya nuna cewa yawancin abin da ake kira gigin tsufa wannan cutar ce, kuma tana cikin manyan masu kashe tsofaffi. Neman magani ya kankama, aka kuma ci karo da matsalar da har yau ba a fita daga cikinta ba. Ba a buɗe kan mai rai don a ga abin da magani ya yi, ba a kuma ɗura wa tsoho sinadarin da ba a san dafinsa ba, saboda haka dole sai an bi ta kan dabba. Amma ɓera, wanda shi ne dabbar ɗakin gwaji, ba ya kamuwa da wannan cuta. Shekara biyu zuwa uku yake yi a duniya, ya tsufa ya mutu ba tare da dunƙulen da Alzheimer ya gani ba. Duk mai son gwada magani a jikinsa sai ya fara ƙera masa cutar da hannu, kuma abin da zai ƙera shi ne abin da ya riga ya yarda cewa shi ne cutar. Abin da na fahimta daga tarihin nan ke nan: ɓerayen sun riƙa ba da amsa ta gaskiya ga tambayar da aka ƙera su dominta, su kuwa masu bincike da kamfanoni da 'yan jarida suka riƙa ɗaukar amsar suna liƙa ta a kan wata tambaya mafi girma, wato ko maganin zai tsayar da zubewar hankalin tsoho.

Ƙirar farko mai sauƙi ce. A wannan shekara ta 1976 masu bincike a Birtaniya suka gano cewa ƙwaƙwalwar masu cutar ta yi ƙarancin abin da ke haɗa asetilkolin, sinadarin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi. An kuma san cewa sikofolamin, sinadarin nan da ke cikin zaƙami, yana toshe hanyar asetilkolin, ya sa mai lafiya ya rikice ya manta. Sai aka riƙa yi wa ɓeraye da birai allurarsa, su shiga mantuwa ta 'yan sa'o'i, a ba su sabon magani a ga ko za su dawo hayyacinsu. A 1981 Richard Morris na Jami'ar St Andrews a Sikotlan ya samar da ma'aunin da ya zama ruwan dare: kwarmin ruwa da aka gurɓata da madara, da ɗan dakali a ɓoye ƙarƙashin ruwan. A jefa ɓera ya yi iyo har ya dace da dakalin, gobe a sake jefa shi, a ƙirga daƙiƙun da zai ɗauka kafin ya tuna wurin. Daga wannan layi magungunan farko suka fito. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da takrin a 1993, wanda aka daina amfani da shi saboda yana taɓa hanta, sai donefezil na kamfanin Eisai na Japan a 1996, sai ribastigmin a 2000 da galantamin a 2001. Magungunan suna ɗan farfaɗo da hankalin wasu marasa lafiya na wani lokaci, cutar kuwa tana ci gaba da cin ƙwaƙwalwa a ƙarƙashi. Babu mamaki a nan. Ɓeran da aka yi wa allurar sikofolamin ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take, hanya ɗaya kawai aka toshe, maganin ya buɗe ta. A jikin mutum ma abin da ya yi ke nan, bai ƙara ba bai rage ba.

Zamani na biyu, wanda ya fi cin kuɗi da rayukan ɓeraye, ya fara a 1984, lokacin da George Glenner da Caine Wong a Kalifoniya suka ware ɗan guntun furotin da ake kira amiloid daga jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwar masu cutar. A 1987 aka gano ƙwayar gadon da ke samar da uwar wannan furotin a kan kuromosom na 21. A 1991 Alison Goate da John Hardy a asibitin St Mary's na Landan suka sami wani iyali na Ingila da cutar ke bin zuriyarsu tun suna da sauran ƙarfi, suka kuma nuna cewa kuskure ɗaya ne a wannan ƙwayar gado ke jawo ta. Shekara ɗaya bayan haka Hardy da Gerald Higgins suka tsara hasashen da ya mallake fagen har shekara talatin: taruwar amiloid ce mafarin komai, cukurkuɗewar zaruruwan furotin ɗin tau da mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da mantuwa duk a bayanta suke biyowa. Hujja ce mai ƙarfi, kuma ya kamata a lura cewa daga jikin mutane ta fito. Amma irin cutar da ake gada kai tsaye ta haka kusan kashi 1 ce cikin 100 na masu cutar. Sauran tana zuwa musu ne bayan shekara 65, ta hanyoyin da suka haɗa tsufa da gado da lafiyar jijiyoyin jini.

Da aka sami ƙwayar gado sai tsere ya ɓarke na dasa ta a jikin ɓera. Gaggawar ta kai har wani rahoto da mujallar Nature ta buga a 1991 kan ɓera mai dunƙule aka janye shi a 1992. Nasara ta zo a 1995, lokacin da Dora Games da abokan aikinta a kamfanin Athena Neurosciences suka fito da ɓeran da ke tara amiloid a ƙwaƙwalwa yayin da yake manyanta. A 1996 Karen Hsiao ta Jami'ar Minnesota ta samar da wanda ya fi kowane shahara, Tg2576, mai ɗauke da kuskuren gadon wani iyali na Suwidin, wanda bayan dunƙulen yana kuma ɓata hanya a kwarmin ruwa. Wanda ya dubi hoton ƙwaƙwalwar ɓeran nan kusa da ta mutum zai ce cuta ɗaya ce. Kama da wane dai ba ta wane. Ɓerayen suna samar da furotin ɗin ninki-ninki fiye da yadda jikin mutum ke yi, ba sa yin cukurkuɗaɗɗun zaruruwan tau, kuma ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsu ba sa mutuwa yadda na mutum ke mutuwa, alhali wannan mutuwar ce ke raba tsoho da sanin 'ya'yansa. Da aka so cike giɓin sai aka ƙara ƙira. Ɓeran da ɗakin binciken Frank LaFerla ya fitar a 2003 yana da zaruruwan tau, amma kuskuren gadon da aka dasa masa domin haka na wata cutar ƙwaƙwalwa ce dabam. Wanda Robert Vassar ya fitar a 2006 kurakurai biyar aka haɗa masa, har yana fara tara dunƙule tun yana wata biyu. Babu ɗan Adam ɗaya da aka taɓa samu da wannan haɗin.

Labarin rigakafin AN1792 ya isa a tsaya a kansa, domin dukan darasin yana ciki. A 1999 Dale Schenk na kamfanin Elan ya yi wa ɓeraye allurar amiloid ɗin kansa, don garkuwar jikinsu ta koyi yaƙarsa. Waɗanda aka yi wa tun suna ƙanana kusan ba su tara dunƙule ba sam, waɗanda suka manyanta kuma nasu ya ragu ƙwarai. A shekarar 2000 wasu ɗakunan bincike biyu suka nuna cewa ɓerayen da aka yi wa rigakafin sun fi tuna hanya. Murna ta cika duniyar likitoci, aka shiga gwajin mutane. A farkon 2002 aka dakatar da shi, domin mutum 18 cikin kusan 300 da suka karɓi allurar sun sami kumburin ƙwaƙwalwa, abin da gwajin dabbobi bai nuna ba. Daga baya wani abu ya fito da ya fi wannan nauyi. Likitoci a Southampton ta Ingila sun ci gaba da bin mutanen da suka shiga gwajin farko, kuma a 2008 suka bayyana a mujallar Lancet abin da suka gani a ƙwaƙwalwar mutum takwas da suka rasu. Rigakafin ya share dunƙulen, a wasu ma kusan ƙarƙaf. Duk da haka bakwai cikin takwas ɗin sun kai matakin ƙarshe na mantuwa kafin su rasu, har da waɗanda aka share wa dunƙulen. Ɓera ya ce allurar tana cire amiloid, kuma ta cire. Cewa cire shi daga ƙwaƙwalwar da ta riga ta lalace zai dawo da hankali, wannan mutane ne suka faɗa, ɓera bai da hanyar sani.

Shekaru goma da suka biyo baya na faɗuwa ne a jere. Kamfanin Eli Lilly ya tsayar da gwajin semagasestat a 2010 bayan ya ga masu shan sa sun fi saurin rikicewa, ga kuma ƙarin sankarar fata. Bafinezumab da solanezumab sun gaza a 2012, berubesestat na kamfanin Merck ya bi su a 2017. Jeffrey Cummings da abokan aikinsa sun yi lissafi a 2014: tsakanin 2002 da 2012 an gwada sinadarai 244 a gwaje-gwaje 413 a kan mutane, ɗaya tak aka amince da shi, wato memantin, shi ma ba ya tsayar da cutar. Faɗuwar ta kai kashi 99.6 cikin 100.

Wannan adadi shi ne makamin masu cewa a bar gwajin dabbobi gaba ɗaya, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Sai dai adadin ya haɗa laifuffuka iri-iri ya ɗora wa ɓera. Sai a 2004 aka sami hanyar ganin amiloid a ƙwaƙwalwar mai rai ta hoton PET, wadda William Klunk da Chester Mathis suka samar a Pittsburgh, kuma da aka duba waɗanda suka shiga wasu manyan gwaje-gwajen sai aka tarar wani kaso mai kauri ba su da amiloid ɗin da ake son cirewa, wato wata cutar ce ke damun su. A 2012 kuma binciken iyalan da ke gadon cutar ya nuna cewa amiloid yana fara taruwa shekara goma sha biyar ko fiye kafin a ga alamar farko. Ke nan ana ba ɓera magani a farkon taruwar, ana ba mutum bayan ɓarnar ta yi nisa, sannan a ce ɓera ya yi ƙarya. Akwai ma inda ya yi gargaɗi ƙarara. A 2002 masu bincike a Basel ta Suwizalan suka ba da rahoto a mujallar Science cewa tsofaffin ɓerayen da aka ɗura wa sinadarin garkuwa mai yaƙar amiloid suna samun ƙarin zubar jini a ƙwaƙwalwa. Wannan matsala ita ce babbar illar magungunan da ake bayarwa a yau.

Inda masu suka suka fi gaskiya shi ne kan yadda aka riƙa yin aikin. Gwaje-gwaje da yawa an yi su da ɓeraye kaɗan, mai aunawa ya san wanda aka ba magani da wanda ba a ba ba, in sakamako bai yi daɗi ba kuma ba a bugawa. A 2012 ɗakin binciken Gary Landreth a Cleveland ya ba da rahoton cewa bekzarotin, maganin wata sankarar fata, ya rage dunƙulen ɓeraye da rabi cikin kwana uku. Da yake maganin yana kasuwa, iyalai suka fara roƙon likitoci su rubuta wa iyayensu shi. A 2013 ɗakunan bincike da dama suka maimaita aikin, ba su ga raguwar dunƙulen ba. Mafi muni shi ne rahoton 2006 na Sylvain Lesné da Karen Ashe, wato Karen Hsiao ta baya, kan wani nau'in amiloid da suka ce shi ke jawo mantuwa a ɓeraye. A 2022 mujallar Science ta bayyana binciken Matthew Schrag na Jami'ar Vanderbilt da ya nuna alamun an taɓa hotunan rahoton, kuma a 2024 aka janye shi bayan dubban rubuce-rubuce sun kafa hujja da shi. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin rushewar hasashen amiloid baki ɗaya, amma sun wuce wuri, domin ginshiƙan hasashen a jikin mutane suke: iyalan Landan da Suwidin, da dubban dangin nan na Antioquia a Kolombiya da Francisco Lopera ya yi shekaru yana bi, da kuma canjin gadon da aka gano a Aislan a 2012 wanda ke rage samar da amiloid, masu shi kuma ba su cika kamuwa da cutar ba. Abin da ɓarnar ta taɓa shi ne haƙƙin dabbobin kansu. Hujjar da ke halatta a wahalar da ɓera a kuma kashe shi ita ce za a sami ilmin da zai rage wa mutane azaba. Gwajin da aka yi da ganganci ko aka gyara wa hoto ba ya ba da ilmi, saboda haka ɓerayen da suka mutu a cikinsa an zalunce su.

A ɗaya gefen akwai masu cewa lekanemab ya wanke ɓera tas. Asalinsa a Uppsala ne, inda Lars Lannfelt ya gano wani kuskuren gado a wani iyali na arewacin Suwidin, wanda ya sa ya karkata ga ƙananan curin amiloid da ba su kai ga daskarewa ba. Aka ƙera sinadarin garkuwa mai kama su, aka gwada shi a ɓeraye, sannan kamfanonin Eisai da Biogen suka kai shi gwajin mutum 1,795, dukansu a farkon cutar, kuma an tabbatar suna da amiloid. Bayan wata 18, saurin zubewar hankalin masu karɓarsa ya ragu da kashi 27 cikin 100, kuma Amurka ta ba shi cikakkiyar amincewa a Yulin 2023. Donanemab ya biyo baya a Yulin 2024. Nasara ce, ban ga dalilin raina ta ba bayan shekara ashirin na faɗuwa. Amma a auna ta da kyau. Kashi 27 ɗin nan bai kai rabin maki ɗaya ba a ma'auni mai maki 18. Ba wanda ya warke, masu karɓarsa da waɗanda ba su karɓa ba duk sun ci gaba da raguwa. Kusan mutum ɗaya cikin takwas ya sami kumburi a ƙwaƙwalwa, ana ɗura maganin ta jijiya duk mako biyu tare da ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa akai-akai, farashin da aka sa masa a 2023 kuma dala 26,500 ne a shekara. A ɓeraye, share amiloid kan maido da tuna hanya kusan gaba ɗaya, a mutane kuwa ɗan jinkiri ya samar. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce sashen cutar da ba a taɓa dasa wa ɓera ba.

Wani ɓangare na wannan sashe a Najeriya aka fara hango shi. Tun 1992 Hugh Hendrie na Indianapolis da Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan, tare da Adesola Ogunniyi, suka fara kwatanta tsofaffin Yarabawa na Ibadan da baƙaƙen fata na Amurka. Rahoton 2001 ya nuna cutar ta fi ƙaranci a Ibadan, binciken kuma ya nuna ƙwayar gadon APOE4, wadda ita ce babbar mai ƙara haɗari ga Turawa, ba ta yi irin wannan ƙarfi a tsakanin Yarabawa ba. Ɓerayen ɗakin gwaji kuwa 'yan gida ɗaya ne, gadonsu kusan iri ɗaya, abincinsu ɗaya, ba hawan jini, ba ciwon sukari. Masu bincike sun fara gyara. A 2014 Takaomi Saido a Japan ya fitar da ɓerayen da ba sa samar da furotin ɗin fiye da ƙima, a 2016 kuma Amurka ta kafa wani shiri na ƙera ɓerayen da ke ɗauke da haɗarin irin cutar da ke zuwa da tsufa. Ana kuma rainon ƙwayoyin ƙwaƙwalwar mutum a faranti, inda Rudolph Tanzi da Doo Yeon Kim suka nuna a 2014 cewa suna iya yin dunƙule da zaruruwa duka biyu. A ƙarshen 2022 Amurka ta cire tilascin gwajin dabba daga dokar magungunanta. Sai dai faranti ba shi da hanta, ba shi da jijiyar jini da za ta fashe, ba shi da shingen da ke hana magani shiga ƙwaƙwalwa daga jini, don haka ɓera zai daɗe ana bukatarsa a kan waɗannan tambayoyi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da mantuwa, fiye da kashi 60 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, inda maganin dala 26,500 ba zai kai ba nan kusa. A sassan nazarin magunguna na jami'o'inmu ana yawan gwada tsimin ganyaye da saiwoyi a kan ɓerayen da aka yi wa allurar sikofolamin, kuma aiki ne mai amfani muddin an faɗi abin da aka auna. Roƙona ga malaman da ke yin sa da 'yan jaridar da ke kai labarinsa rediyo shi ne su faɗi gaskiyar abin da ya faru, cewa tsimin ya rage maye na 'yan sa'o'i a ƙwaƙwalwar ɓera mai lafiya. Kada su ce an samo maganin mantuwa, domin akwai iyalan da za su ji, su sayar da abin hannunsu su saya wa iyayensu.